Jawabin Mushen Lakwal Kan Waƙa a Rumfar Ƙananan Yara

Ga jawabin da ɗaya daga cikin ɗiyan garinmu, malamin lakwal, ya yi a taron shekara na ƙungiya bayan kaka. Ƴan biro sun ce a buga shi duka, domin waɗanda ke nesa su karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.



Maigari, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah gafarta malam. Shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayena maza, iyayena mata da ke zaune can gindin bedi, yayyena da ƙannena da sunka zo daga Yamai da Maraɗi da Agadas da Kano da Abijan, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyaye. Barkanmu da ganin kaka. Allah ya sa albarka ga abin da munka zuba cikin rumbuna, ya kai masu shirin fita ci-rani lafiya, ya maido su lafiya.

Ni yaro ne cikinku. Da yawa nan sun ci naman sunana, wasu sun goye ni. Ba don shugaba ya ce in tashi ba, da ban buɗe baki gabanku ba. Saboda haka in harshe ya zame, ku ɗauke shi kuskuren ɗa.

Kun san abin da ya tara mu. Bara ƙungiya ta yanke shawarar a yi rumfa kusa da lakwal, inda za a riƙa aje yara ƴan shekara 2 zuwa 5 tun hantsi har azahar, irin abin da mutanen birni ke ce ma zardan. Dalili shi ne uwaye na gona, suna rijiya, suna turmi, sai a bar ƙaramin yaro hannun yarinya ƴar shekara bakwai wadda ya kamata a ce tana aji. Ni da kaina na sha koyar da yarinya da goyo a bayanta. To, rumfa ta tsaya, Alhamdu lillahi, mata biyu sun karɓi aikin tsaron yara. Sauran kuɗi sun rage cikin asusu. Ƴan'uwanmu na Yamai sun aiko da saƙon murya ta WhatsApp, sun ce a sayi tele da farantin hasken rana da katin da anka cika da waƙoƙin yara na Faransanci, domin ɗiyanmu su shiga lakwal da kunne a buɗe kamar ɗiyan birni. Nufinsu alheri ne, kuma guminsu ne cikin asusun. Da saƙon ya zo, ni ne na fara cewa madalla. Yau ga ni na zo da wata magana, sai ku bari in faɗi abin da ya juya ni.

Sa'ad da nake makarantar horon malamai, kowane ɗalibi yana da kaye guda da ya cika da waƙoƙin Faransanci. Mun hardace su sarai. Suna zancen ƙanƙara da ke saukowa kan rufin ɗaki, da jiragen ruwa, da tsuntsayen da ko kakana bai taɓa gani ba. Shekarar da anka fara ba ni ajin farko, yara sun fi saba'in. Na koya musu waƙoƙin nan, suna rerawa har a ji su daga bakin kasuwa, ni kuwa ina ta jin daɗi. Ran nan sai na tsai da waƙa a tsakiya, na ɗauki kalma guda daga ciki, na ce wa zai gaya mini ma'anarta. Shiru. Na ɗauki wata. Shiru. Wata uku muna abu guda, ashe karatun aku muke yi. Laifin ba na yaran ba ne, nawa ne.

Abu na biyu, ku gafarce ni in yi rashin kunya in yi zancen ɗiyar fari gaban iyaye. Lokacin muna zaune birni, uwarta na da aiki, ni ina da aiki. In yarinya ta fara rigima sai a miƙa mata salula, ta yi tsit. Muna cewa ga yarinya mai haƙuri. Ta kusa shekara biyu, kalmomin bakinta ba su cika yatsun hannu ba. Da lokacin yaye ya yi, anka kawo ta nan wajen tsohuwata kamar yadda al'ada take. Bayan wata biyu na zo hutu, na shiga gida na iske tsohuwa na ɓarar gujiya tana ƴar waƙa, yarinya na zaune kan ƙafafunta. Tsohuwa ta ja baiti ta tsaya, yarinya ta cika mata. Ta sake ja ta tsaya, ta sake cikawa, tana dariya. Na tsaya bakin ƙofa da jakata a hannu, na kasa sallama. Ba na cewa waƙa kaɗai ta buɗe bakinta, wataƙila lokacinta ne ya yi. Amma abin ya sa ni neman sani, kuma ga abin da na samo.

Likitoci sun tabbatar jariri na fara jin sauti tun yana ciki, wajen wata shida. Ran da ya faɗo duniya ya riga ya san muryar uwarsa, yana bambanta ta da ta wata mace. Daga nan har ya cika shekara guda, kunnensa na tsintar sautukan harshen da ake yi masa, yana aje su. Harshenmu kuwa kun san shi, rabinsa waƙa ne. Kukan yaro da kukar miya, baƙaƙen rubutunsu kusan ɗaya, hawa da saukar murya ke raba su. Garin da muke zaune da garin tuwo, jan wasali ke raba su. Waƙar reno na jan kalma, tana ɗaga ta, tana maimaita ta sau goma ba gajiya. Babu abin da ya fi wannan dacewa da kunnen da ke koyo.

Sai ku ce, to ai tele ma waƙa take yi, kuma ba ta gajiya. Nan ne wurin. A shekara ta 2003 wata masaniya a jami'ar Washinton ta birnin Siyatil a Amurka, sunanta Patricia Kuhl, ita da abokan aikinta sun fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki jarirai ƴan wata 9 waɗanda Ingilishi kawai ake yi a gidajensu. Wasu anka kawo musu mutane masu harshen Sin su zauna da su, su yi musu magana da wasa, zama 12. Wasu anka nuna musu mutanen nan cikin tele suna faɗin abu iri ɗaya. Wasu murya kawai anka sa musu. Da anka gwada su, waɗanda sunka zauna da mutum ido da ido sun iya rarrabe sautukan harshen Sin. Na tele da na murya ba su ɗauki komi ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Dalili a fili yake. Tele ba ta san sunan yaro ba. Ba ta ganin ya juya kai ta dakata, ba ta jiran ya amsa, in ya yi dariya ba ta maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban tele ko salula, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa guda a yini, in an rage ya fi.

Ga wani labarin kuma domin iyayena masu lissafin riba. A ƙasar Jamaika, wajen 1986, an ɗauki ƙananan yara matalauta waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga ciki, kowane mako ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidansu har shekara biyu, tana nuna ma uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da ake haɗawa a gida. Bayan shekara ashirin anka nemo su. Sakamakon da anka buga a 2014 ya nuna abin da suke samu na kuɗi ya ɗara na ƴan'uwansu da ba a yi ma haka ba da kamar kashi 25 cikin 100. Waƙa ba ta maye gurbin fura da nono, yaro mai tamowa likita za a kai shi. Amma ga shi an auna an gani, zama da yaro a yi masa magana shi ma wani abinci ne.

Iyayena mata, duk wanga da Turawa sunka auna, ku kun daɗe kuna yin sa. Kuna da waƙar rarrashi, da waƙar daka, da waƙar niƙa, da ta tawai da yaro kan gwiwa, da ta koyon tafiya. Sai dai mu duba gaskiya. Tun da injin niƙa ya shigo gari, wa ya ƙara jin waƙar dutse da asuba? Dandalin da ƴan mata ke gaɗa da farin wata, yanzu rabinsu na kewaye da salula guda. Ba na zagin inji, ya hutar da ƙafadun uwayenmu. Amma abin da ya tafi da shi ba wanda ya zo ya maido. Yarinyar da ba a yi ma waƙa ba, ran da ta haihu mi za ta rera ma nata?

To yaya za a yi cikin rumfa? Ga abin da na koya, wani daga aji, wani daga tsohuwata.

Mai waƙa ta zauna ƙasa kan tabarma, yara kewaye da ita, fuskarta daidai da tasu. Ƙaramin yaro bakin mai magana yake kallo. In kina tsaye, gwiwarki kawai yake gani.

Waƙa ta zama gajera, a ja ta sannu. Uku ko huɗu sun isa wata guda. Babba ke gajiya da maimaici, yaro kuwa nan daɗinsa yake, domin ya san abin da ke zuwa. In sun saba, a riƙa tsayawa kafin kalmar ƙarshe a dube su. Wanda zai cika ya cika. Wanga ɗan shirun shi ne inda yaro ke gwada bakinsa, kada a yi gaggawar cika masa.

A sa sunan kowane yaro cikin waƙar safe, a bi su ɗaya ɗaya. Wanda uwarsa ta aje yana kuka, in ya ji sunansa cikin bakin jama'a sai ka ga ya tsagaita.

A haɗa da jiki. In waƙa ta ambaci kai a taɓa kai, in ta ambaci akuya a yi kukan akuya, in ta ambaci daka a yi kamar ana daka. Kalmar da hannu ya taya kunne kamawa ba ta saurin zubewa.

Kowane aiki na yini ya samu waƙarsa: ta wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ta tattara kaya, ta kwanciya. In babu tsohuwa a kan abin, a ƙirƙira. Ki faɗi abin da kike yi kawai, ki ba shi murya. Mace biyu da yara talatin, in ba da irin wanga ba, sai tsawa da tsumagiya, kuma mun ce ba duka cikin rumfa.

Kada zaman waƙa ya wuce minti goma ga ƴan shekara biyu da uku. Wanda ya tashi ya tafi wasan ƙasa a ƙyale shi, kunnensa na nan. Wanda ya yi shiru yana kallo kada a tilasta masa. Sau da yawa irinsu ne uwa ke zuwa ta ce jiya da dare ya rera waƙar duka.

Kayan kiɗa ba sai an saya ba. Tafi ya isa, ga ƙwarya a kife, ga caki. Amma in an zuba tsakuwa ko wake cikin gwangwani, a liƙe bakin ƙwarai, domin ƙaramin yaro komi baki yake kai shi, kuma ƙwaya guda na iya shaƙe shi.

Garinmu akwai Fulani, akwai Buzaye, ɗiyansu za su zo rumfa. A roƙi uwayensu su ma su kawo nasu waƙoƙin. Yaron da ya ji harshen ɗakinsu cikin rumfa ya san wurin nasa ne.

Akwai wani amfani da ban so in manta. Mai waƙa ita ce ke fara gane yaron da ba ya ji. In ana tafi bayansa bai juyo ba, in an kira sunansa sau da yawa sai ya ga baki kafin ya amsa, ko kunnensa na zubar da ruwa, a gaya ma iyaye su kai shi likita. Ƙasarmu ƙasar sanƙarau ce, kuma sanƙarau da ƙyanda na barin kurumta. Sau nawa anka ce ma yaro mai taurin kai, alhali kunne ne ya samu matsala?

Yanzu in zo ga maganganu biyu da na ji ana yi bakin masallaci da tasha.

Ta farko, wasu dattawa sun ce waƙa shashanci ce, ba su ba da kuɗinsu don a koya ma jikokinsu roƙo ba. Wanga damuwa tana da tushe, domin akwai waƙoƙin da bai kamata su shiga kunnen yaro ba, masu batsa da habaici da zambo, kuma mafi yawansu yau cikin salula suke. Hukunci na malamai ne, ga Malam Liman zaune, ni ban isa ba. Abin da na sani kawai, dukanmu da rerawa munka hardace baƙaƙe a makarantar allo. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajinta. Shawarata ita ce duk waƙar da za a yi cikin rumfa a fara rera ta gaban dattawa mata biyu da wakilin Liman. Wadda sunka ƙi, a bar ta.

Ta biyu ita ce ta yayyena na Yamai: Faransanci fa? Na ji ku, kuma da Faransanci nake cin abinci. Kun sha wuya a ofis da asibiti da bakin iyaka saboda rashinsa, ba ku son ɗiyanku su sha. Iyayenmu da sunka yi lakwal sun tuna sambol, abin nan da ake rataya ma yaro in an kama shi yana Hausa, har munka tashi da tunanin harshen gida shi ke tare hanyar boko. Abin da na gani cikin aji ya saɓa ma haka. Yaron da ya zo da Hausa cike da baki, ya iya ba da labari, ya iya tambaya, ya iya ƙirga awakin gidansu, shi ke saurin kama Faransanci, domin yana da turken da zai ɗaure sabuwar kalma. Wanda ya zo ba Hausa ba Faransanci shi ke wahala. Ƙasarmu ta daɗe da gwada wanga. Tun 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2025 kuma anka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ban ce a kori Faransanci daga rumfa ba. Ƴan shekara huɗu da biyar, na ɗauki alkawarin zuwa kowace Alhamis in yi musu waƙa ɗaya ko biyu da Faransanci, a kan abin da ke gabansu, hannu da ƙafa da ruwa da ƙirga, kuma sai sun san ma'ana kafin su rera.

Saboda haka ga roƙona ga taro, abu huɗu.

Na ɗaya, kuɗin da sunka rage a riƙe su domin ɗan alherin wata na matan nan biyu, da tabarmi, da randa mai murfi, da sabulu. In matan sunka gaji sunka bari saboda ba a ba su komi, tele ba za ta share ma yaro hanci ba.

Na biyu, iyayena tsofaffi mata, ku raba kwanaki tsakaninku, kowace safiya ɗaya ta zo rumfa ko na rabin awa. An ce da tsohuwar zuma ake magani. Kada wadda ta ce muryarta ta tsufa. Jikanki ba gasar waƙa ya zo saurare ba, ke yake so.

Na uku, ku ba ni izini ni da manyan ɗalibaina mu bi ɗaki ɗaki mu rubuta waƙoƙin reno cikin kaye, mu ɗauki murya da salula, a aje kofi guda wajen ƙungiya. Nan salula ke da amfani: babba ya saurara ya koya, sa'an nan ya aje ta ya rera ma yaro da bakinsa. A Yamai akwai cibiyar da ake kira CELHTO, aikinta ke nan, tattara abin da ke bakin tsofaffi. Amma ba za su zo garinmu su yi mana namu ba. Tsofaffi uku munka binne bana, kowace da abin da ta tafi da shi.

Na huɗu naku ne, maza. Wa ya ce rera ma yaro aikin mata ne kaɗai? Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da gurumi, bai ji kunyar waƙa ba. Ku da za ku fita bayan taron nan, wata shida ko shekara ɗanka bai gan ka ba. In ka kira gida, bayan ka tambayi hatsi da bisashe, ka ce a kai salula kunnen yaro, ka kira sunansa, ka yi masa ƴar waƙar da tsohuwarka ta yi maka, ka dakata ka ji ko zai amsa. Ba ta kai zama ido da ido ba, amma muryar ubansa ce, kuma tana jiran amsarsa. Ku da ke zaune da iyali a Bukoki ko wata unguwa ta birni kuwa, ba ku da uzuri, yaro na gabanku.

Yayyena na Yamai, kada ku ɗauka na watsa muku ƙasa a ido. Ba don ku ba da rumfar ba ta tsaya ba. In Allah ya hore nan gaba, farantin hasken rana na da wurinsa: manyan ɗalibai na neman fitilar karatun dare, ɗakin haihuwa na neman haske. Ƙanana dai, ku bar mana su da bakin kakanninsu tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake yi.

Shawara taku ce. Abin da taro ya yanke, ni mai bi ne. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure nawa ne, ku yafe mini. Allah ya raya mana zuri'a, ya jiƙan waɗanda sunka rene mu, ya bar zumunci.